Garin da ke bakin teku, me ya sa yake kukan ƙishirwa?

Ɗan_Kusiri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi zaure. Yayana yana zaune a Bur Sudan da iyalinsa shekara da shekaru, can aka haifi yaransa duka. Mun yi waya da daddare, ya ce tun da ambaliya ta fasa madatsar Arba'at da ke ba garin ruwa a watan Agustan 2024 ruwan sha ya zame musu tashin hankali. Daga na tanka sai na masu jakai, kuɗin ruwa ya kusa kamo na cefane. Na ce masa yaya, ba a bakin Bahar Maliya kuke ba? Ya ce in ya fito ƙofar gida iskar teku ce ke fara gaishe shi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Abin da ya ɗaure mini kai, Jidda tana tsallaken wannan tekun, ruwa ɗaya suke kallo, kuma da na je aikin Hajji an ce mana ruwan famfon can na teku ne aka cire masa gishiri. To me ya hana kowane gari na bakin teku yin haka? Ba a iya ba ne, ko sakaci ne kawai?

Uwar_Biyu_Garwa:
Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo musu sauƙi. Ni ma tambayar da nake yi ke nan, tunda ruwan ba ya ƙarewa.

Direban_Kiribi:
Sakaci ne, ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka. Na sha kai kaya Kiribi, na tsaya na kalli teku, ido ba ya ganin ƙarshensa. A ce mutum na kusa da wannan yana sayen ruwa a jarka?

Injiniya_Domayo:
Direba, akwai sakaci a wurare da yawa, ban musa ba. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri da tsawo.

Kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kamar giram 35. Bahar Maliya ta fi haka, tana kai wa 40, saboda rana na ƙona ta kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta. Ruwan da za ka sha ka ji daɗinsa kuwa, so ake kada ya wuce rabin giram a lita. Kun ga kusan duk gishirin za a cire, ba ragewa za a yi ba.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce wadda kowace mai girki ta sani: in tukunya ta tafasa, gumin da ke jikin murfi ba shi da gishiri ko da miyar ta sha gishiri. A tafasa ruwan teku, a kama tururin, ya huce ya koma ruwa. Tsofaffin matatun ƙasashen Larabawa haka suke aiki, kuma suna cin mai ba kaɗan ba. Ta biyu ita ce ake yayi yanzu: a tura ruwan da ƙarfin tsiya ta cikin wani tantani mai ƙofofin da ruwa ke iya ratsawa amma gishiri ba ya iyawa. Matsin da ake bukata, a ma'aunin "ba" da ake auna iskar taya da shi, yana kai wa 60 zuwa 70. Direba, kai ka san tayar ƙaramar mota ba 2 da ɗan kai ake busa mata, ta tirela wajen 8. Ka kwatanta. Famfunan da ke wannan matsin ba sa hutawa dare da rana, kuma kowace lita 1,000 tana cin kilowat-awa 3 zuwa 4 na wuta.

Saboda haka Jidda ba teku kaɗai take da shi ba. Tana da mai, tana da wutar da ba ta yankewa, tana da kuɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Direban_Kiribi:
Ba 70? Subhanallahi. Wannan in tiyo ya fashe ai sai ya tsaga mutum.

Dattijon_Briketeri:
Injiniya, Allah Ya ƙara sani. Maganar Jidda ta tuna mini da kakanmu, Allah Ya jiƙansa. Da ƙafa ya tafi Makka, ta Abeshe da Fashir, ya shekara bakwai bai dawo ba. In yana ba mu labarin Jidda sai ya ambaci "ruwan kindasa". Muna yara mun zaci sunan wata rijiya ce. Sai da na girma na je da kaina na ji ashe wata na'ura ce mai aiki da gawayin ƙasa da aka kafa a bakin teku tun zamanin Turkawa, farkon ƙarni na 20, tana tafasa ruwa tana ɗigo da na sha. Ya ce masu hali ke saye, talaka ruwan tafki da na rijiyar zartsi yake sha. Ku yara ku lura, sun fi shekara 100 suna wannan fama kafin su kai inda kuka gani. Yanzu ruwan da alhazai ke wanka da shi a Makka yawanci daga matatar Shu'aiba yake zuwa, kudu da Jidda.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Baba, shi ya sa ashe. Ni dai ruwan famfon can bai taɓa kashe mini ƙishirwa ba, lami nake jin sa a baki. Zamzam nake ta sha har muka dawo.

Injiniya_Domayo:
Hajiya, harshenki bai yi ƙarya ba. Tantanin ba ya zaɓe, har da sinadaran da ke ba ruwan rijiya ɗanɗano yake kwashewa. Irin wannan ruwan in aka sake shi haka, bututu ma yake ci. Dole sai an bi da shi ta cikin farar ƙasa ya ɗauki ɗan alli kafin a tura wa gari. In an rage hannu wajen wannan, shi ne kike jin sa salam.

Bako_237:
Tambaya ta jahilci, a yi mini afuwa. In mutum ya matsu ya sha na tekun haka nan kaɗan-kaɗan fa?

Nas_Yagwa:
Kada a kuskura. Ƙoda ba ta iya fitar da fitsarin da ya kai ruwan teku gishiri, don haka sai ta jawo ruwan jikinka ta haɗa kafin ta fitar da abin da ka sha. Ka sha kofi ɗaya, ka yi asarar fiye da kofi ɗaya. Ga gudawa a kai. Ga yaro ƙarami kuwa abin ya fi saurin kai wa ga halaka.

Ɗalibi_a_Wahran:
Ina so in ɗan gyara wa Injiniya, da girmamawa. Yadda ka faɗa sai a ɗauka sai mai arzikin Saudiyya ne zai iya. Ina karatu a Aljeriya shekara ta uku ke nan. Birnin Aljas yana da matatar Hamma tun 2008, lita miliyan 200 a rana. Nan kusa da mu akwai ta Magta'a, an gina ta don lita miliyan 500 a rana. Maroko ma ta buɗe ta Agadir a 2022, har gonakin tumatir ake shayarwa da ita. Jibuti da ba ta da ɗigon mai ta buɗe tata a Dorale a 2021 da tallafin Tarayyar Turai. Senegal ta ɗora harsashin tata a Dakar da kuɗin Japan. Duk Afirka ce. Abin ya sauko daga inda yake a da.

Injiniya_Domayo:
Ƙanena, gyaranka ya karɓu, farashin ya faɗi ƙwarai. Manyan matatun zamani suna fitar da lita 1,000 a kan rabin dalar Amurka zuwa dala ɗaya, wato sefa 300 zuwa 600 a kuɗinmu. Amma ka faɗa mana gaskiya, a unguwar da kake famfo yana zuwa kullum?

Ɗalibi_a_Wahran:
Gaskiya ba kullum ba, yaya. Akwai ranakun da ake rufe matatar don gyara, ko in teku ya yi laka bayan hadari. Kowane gida yana da tanki a saman soro.

Injiniya_Domayo:
To ka gani. Kuma Aljeriya iskar gas gare ta. Bari in auna muku da abin da muka sani. Matata irin ta Hamma tana bukatar wuta kusan megawat 30 ba yankewa. Madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai gaba ɗayanta, in ruwa ya cika kuma injinanta huɗu suna aiki, megawat 72 ce. Mun san yadda wuta ke yi mana wasan ɓuya daga Maris zuwa Mayu in ruwan Binuwai ya ja. A ce kusan rabin Lagdo ya tafi ga matata ɗaya.

Direban_Kiribi:
Ni fa wani tunani ya zo mini. Bututun mai ya taso daga Doba har Kiribi, na bi gefensa ba sau ɗaya ba. In mai zai gangara, me zai hana a tace ruwa a Kiribi a turo mana arewa? Marwa, Mora, Kusiri, Injamena, kowa ya huta.

Akawu_Farsha:
Direba, bari mu buga lissafi tare. Wancan bututun tsawonsa kilomita 1,070, an fara aiki da shi a 2003, kuma an tsara shi ya ɗauki ganga 225,000 a rana. Ganga lita 159 ce. In ka ninka za ka samu wajen lita miliyan 36. A ba kowane mutum lita 50, sha da girki da wanka da wanki, mutum 700,000 ke nan da 'yan kai. Ko rabin Injamena bai ɗauka ba, balle a yi maganar Garwa da Marwa a hanya. Sannan gangar mai ɗaya kuɗinta dubban sefa ne masu yawa, gangar ruwa kuwa ba ta kai sefa 100 ba a farashin famfo. Mai yana biyan kuɗin motarsa, ruwa ba ya iyawa. Ga tudun Adamawa a tsakani, Gaundare ta haura mita 1,000 sama da teku, dole sai an hau da ruwan can kafin ya gangaro.

Ɗalibi_a_Wahran:
Amma Riyad fa? Daga Jubail ake turo mata, fiye da kilomita 400 cikin hamada.

Akawu_Farsha:
Haka ne. Su ba su da kogin Shari da na Lagwan ne a ƙofar gida. Mu muna da su.

'Yar_Waliya:
Alhamdu lillahi da wani ya faɗa. Ina ta karantawa raina na ɓaci. Ana zancen jawo ruwa daga Kiribi, ni kuwa a 2022 da kwalekwale muka fitar da tsohuwarmu daga gida, a 2024 ma ruwan ya dawo. Muna zaune a tanti, ruwa ya kewaye mu ta ko'ina, amma na sha sai an kawo a mota. Yarana biyu suka kwanta da gudawa a wannan zaman. Ba gishiri a ruwanmu ko kaɗan, ƙazanta ce, kuma cire ƙazanta bai kai cire gishiri wuya ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ɗan_Kusiri, ba raina halin yayanka nake ba, Allah Ya sani, amma in ka tsallako gadar Ngeli za ka tarar da irin nasa ba tare da teku ba.

Ɗan_Kusiri:
Yaya, wallahi na sani, mu ma ruwan ya ci mana katanga a waccan shekarar. Allah Ya ƙara wa yaran lafiya.

Uwar_Biyu_Garwa:
Ni lissafin Injiniya ne ya tsaya mini. Ya ce lita 1,000 sefa 600 in ta yi tsada. Mu a bayan gari famfo bai iso ba, mai kura ke kawo mana, jarka ta lita 20 sefa 50 ce, da bazara ta kai 100. Jarka 50 ke cika lita 1,000. Ashe ina biyan sefa 2,500 zuwa 5,000 a abin da ake cewa ya yi wa gwamnatoci tsada a 600? To wa ake jin tausayi?

Injiniya_Domayo:
Uwar Biyu, kin taɓo inda ke ciwo. 600 ɗin farashin bakin ƙofar matata ne. Kafin ruwan ya iso gidanki sai an shimfiɗa bututu, an gina tankuna, an sa mita, an samu masu gyara, an kuma toshe yoyo, don a garuruwa da yawa kashi ɗaya cikin uku na ruwan a ƙarƙashin ƙasa yake tsiyayewa. Wanda bututu ya kai gidansa shi ke shan mai arha, wanda bai kai ba shi ke biyan ninki goma, kuma yawanci shi ne marar ƙarfi. Matata ba ta gyara wannan. In an gina ta a Bur Sudan gobe ba a kai bututu unguwar yayan Ɗan_Kusiri ba, mai jaki ne dai zai ci gaba da kawo masa.

Baƙon_Zongo:
Na zauna Akara shekara shida, bari in ba da shaida. An buɗe matatar ruwan teku a Teshi a 2015, lita miliyan 60 a rana, aka yi murna. Ba a daɗe ba aka gane kamfanin ruwa na sayen ruwan da tsada yana sayarwa da arha, ga kuɗin wuta a kansa. A 2018 aka rufe ta na wani lokaci ana ta takaddama a kan yarjejeniyar. Ghana kuwa ga kogin Volta kwance. Ba kowane gari na bakin teku ne wannan magani ya dace da shi ba. Duwala da ruwan sama ke yi mata kusan mita huɗu a shekara me za ta yi da shi? Nuwakshot ma da take cikin rairayi, daga kogin Senegal ta jawo nata, wajen kilomita 200, don ya fi mata sauƙi.

Ɗalibi_a_Wahran:
Dakar ma daga tafkin Giyer take jawowa, amma da babban bututun ya fashe a 2013 sai da suka yi makonni ba ruwa. Kwando ɗaya ba a zuba masa ƙwai duka. Abin da ya sami Bur Sudan ke nan da Arba'at.

Malam_Tsangaya:
Salamu alaikum. Wani ya tambaye ni ta gefe ko ruwan da aka tace haka, aka zuba masa magani, yana halatta a yi alwala da shi. Na ga gara in amsa a nan kowa ya amfana. Ruwan teku shi kansa mai tsarki ne mai tsarkakewa. Matafiya cikin jirgin ruwa sun tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa guzurin ruwansu kaɗan ne, in sun yi alwala da shi za su ji ƙishirwa, ya ba su amsa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. In na gishirin ya halatta, wanda aka cire wa gishiri ba abin shakka a kansa. Ku lura kuma, sahabban nan ma suna tsakiyar ruwa suna tsoron ƙishirwa. Tambayar Ɗan_Kusiri tsohuwa ce.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Allah Ya saka da alheri, Malam.

Mai_Kanwa_Mawo:
Ni abin da ban ji an taɓo ba, gishirin da aka cire ina ake kai shi? Sana'ata kanwa ce, gado na yi. Ina ganin raƙuma da motoci suna wahalar ɗauko gishiri daga Balma, wasu kuma can suna da tsibinsa. Ba sai a sayar ba?

Injiniya_Domayo:
Alhaji, ba busasshe yake fitowa ba. In ka ɗebi lita 100 daga teku, 40 zuwa 45 ne ke zama na sha. Ragowar ruwa ne mai gishiri kusan ninki biyu, haɗe da magungunan wanke tantani, kuma teku ake mayar da shi. Ya fi ruwan teku nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya shaƙe abin da ke rayuwa a wurin in ba a watsa shi da nisa ba. Wani bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019 ya ƙiyasta matatu kusan 16,000 a duniya suna fitar da ruwan sha mita kubik miliyan 95 a rana (mita kubik ɗaya lita 1,000 ce), ragowar gishirin kuma miliyan 142. Masunta su ne farkon masu kuka. A busar da shi duka kuwa, gishirin zai fi ƙarfin duk kasuwannin duniya.

Mai_Kanwa_Mawo:
To madalla, na gane. Amma ku sani mu ma a Kanem muna da namu tekun a ƙarƙashin ƙasa. Akwai rijiyoyin da in ka yi shayi da ruwansu sai ya yi baƙi, sabulu ba ya kumfa, baƙo in ya sha sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Tafkin Chadi daɗi gare shi, amma ka matsa cikin kwaruruwan kanwa ka ji. Wannan injin ba zai yi mana ba?

Injiniya_Domayo:
Nan ne ma ya fi dacewa da mu, Alhaji. Ruwan zartsi gishirinsa bai kai na teku ba ko kusa, matsin ba 10 zuwa 20 ya ishe shi, wutar da yake ci kuma kamar kashi ɗaya cikin uku ko huɗu ce. Faifan hasken rana kaɗan za su juya ƙaramin inji na ƙauye ɗaya. Masu ruwan leda da yawa irinsa suke amfani da shi a bayan shagonsu. Matsalar ita ce tantanin yana toshewa, sai an wanke, bayan 'yan shekaru a sauya, kuma ba a sayar da shi a kasuwar Mawo.

Nas_Yagwa:
In ƙara a kan wannan. A yankin kogin Mayo Tsanaga, wajen Meri, akwai rijiyoyin burtsatse masu sinadarin fulorayid da ya wuce kima. Za ka ga yara haƙoransu sun yi ja kamar masu cin goro, iyaye na zaton rashin wanke baki ne. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take. Irin wannan tantanin yana cirewa. Da za a tambaye ni inda za a fara kai injin, can zan nuna.

'Yar_Abeshe:
A garinmu wata ƙungiya ta taɓa kawo irinsa a wani ƙauye kusa da mu. Wata takwas ya yi yana aiki, mata suka huta. Wani ƙaramin abu ya lalace, aka rasa mai gyara, yanzu awaki ke kwana a inuwar faifan. Don Allah duk mai kawo inji ya fara koya wa yaran garin gyaransa.

Direban_Kiribi:
Na janye maganar bututu daga Kiribi. Amma ban janye ta sakaci ba.

Baƙon_Zongo:
Akwai kuma abin da ba mu faɗa ba game da Bur Sudan: ƙasar yaƙi take ciki tun Afrilun 2023, mutane sun kwararo garin daga Khartum da sauran wurare, bakin da ke shan ruwan ya ninka. Garin da duk ruwansa ya dogara da inji ɗaya da tashar wuta ɗaya, ran da aka taɓa su shi ke nan. Kuwait ta ɗanɗana wannan a yaƙin 1991.

Ɗan_Kusiri:
Na tura wa yaya duk abin da kuka rubuta, ya karanta. Ya ce a gaya wa Injiniya akwai ƙananan matatu a garin, na gwamnati da na 'yan kasuwa, ruwan da suke saye na sha ma daga can masu tanka ke ɗaukowa, na wanki kuma daga rijiyoyin zartsi. Ran da babu wuta ko man inji ya yanke, farashin jarka ke tashi kafin azahar. Ya ce shi da maƙwabtansa su tara suna tunanin haɗa kuɗi su sayi ƙaramin inji mai aiki da hasken rana su ɗora a rijiyar masallacin unguwa. Yana tambaya, kafin su sa kuɗinsu, me za su fara dubawa?

Injiniya_Domayo:
Su fara kai ruwan rijiyar a auna, a san giram nawa ne a lita, da damina da rani. Akwai ɗan abin awo kamar alƙalami, ba shi da tsada, amma a kai ɗakin gwaji ma a duba ƙarfe da ƙwayoyin cuta. Rijiyar da ke kusa da teku in aka matsa mata da ja, ruwan teku na biyowa ta ƙasa, gishirinta ya ƙaru, injin da aka saya don zartsi ya kasa. Su kuma san ramin da za su zubar da ragowar, nesa da rijiyar. Ka ce ya turo mini sakamakon awon da zurfin rijiyar, in duba musu girman injin.

Mai_Kanwa_Mawo:
Injiniya, wannan alƙalamin awon ana samunsa a Marwa? Ina da ɗa da zai shigo Kusiri ranar Alhamis.